Kunun Kanwar da Ya Raya Ƙanena

Har gobe, in ƙamshin kunun kanwa ya taso daga gidan maƙwabta, sai in bar abin da nake yi in tsaya. Jikokina sun ce tsufa ne. Su faɗi abin da suka ga dama. Ni na san aikin da wannan kunu ya yi mana, kuma yau sai na ba ka labarin.

Ina 'yar shekara takwas sankarau ya shigo ƙauyenmu, wani ɗan ƙauyen Maguzawa tsakanin Runka da Ruma, zamanin mulkin Turawa. Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun da hantsi. Cikin mako guda ciwon ya ɗauke mahaifina, ya dawo ya ɗauke mahaifiyata. Ta bar ni da ƙanena, jariri ɗan wata biyu.

Matan gidanmu ba mugaye ba ne, tsoro ne ya kama su. An ce jaririn da ya sha nonon mai sankarau, duk wadda ta sa shi a ƙirjinta sai ta bi uwarsa. Kwana biyu ruwa kawai ake ɗiga masa. Ran na uku da safe na goya shi, zanin har yana jan ƙasa, na nufi unguwar masu bi a gefen gari, inda aka hana mu zuwa. Na dai ji ana cewa Kiristocin nan ba sa korar baƙo.

Maigidan da na faɗa gidansa mai bishara ne, ya koyi karatu wurin 'yan mishan. Shi na koma kira Baba, matarsa kuma Iya. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga dariya, autanta ma ya isa riƙe garma. Ba ta tambaye ni ko 'yar wace ce ba. Kwance goyon ta yi, ta ce in wanke hannu in ci tuwo.

An gwada nonon saniya, ya yi ta amai. Akwai madarar gwangwani a tashar mishan, tafiyar kwana biyu, amma Joji, Baturen mulki, ya sa an tsare hanyoyi saboda annobar, ko kasuwa ba ta ci. Baba ya kama hanya, dogarai suka maido shi. Sai nonon akuya da aka sirka da ruwa, ana ɗiga masa da tsumma. Bai ƙosar da shi ba, ya dai hana shi tafiya.

Wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo musu nono daga ruga ta dubi yaron, ta dubi Iya, ta ce, "Ke, mi kike jira? Ba ki da ƙirji ne?"

Iya ta yi dariya. "Haba Inna, rijiyar da ta ƙafe shekara goma sha biyar?"

"A rugarmu kaka na shayar da jika in uwa ta faɗi."

Ta kwatanta mata yadda ake yi: a tafasa ganyen nonon kurciya na bakin fadama da wani sassaƙen itace, a dama kunun kanwa da ruwan, a sha da zafinsa, a gasa ƙirji da ruwan ɗumi, a riƙa ba yaro yana tsotso ko babu komai.

To, a nan rigimar take. Ka san mutanen nan ba su daɗe da tuba ba. Ran da suka karɓi baftisma sun tara layu da guraye da ƙullin magungunan boka sun cinna musu wuta. Tun daga nan, duk wani ganye ko saiwa da aka tafasa a tukunya, tsafi suke ɗaukarsa. In ba ƙwayar Bature ba, sai addu'a. Ba na zarginsu. Wanda ya sha wuya kafin ya fito daga wuri, ko hanyar wurin ba ya son gani.

Dattawan ikkilisiya suka kira Iya gindin tsamiya. Babbansu ya ce, "Abin da muka ƙone da hannunmu, shi za ki maido mana cikin gida?"

Iya ta durƙusa, yaron na kafaɗarta. "Dattijo, laya muka ƙone, ba mu ƙone itatuwan Allah ba. Wanda ya halicci yaron ga, shi ya tsirar da ganyen. In laifi ne ku hore ni, amma ku bari ya ƙoshi."

Suka sa ta horo. Ba za ta ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, kuma a majami'a sai ta zauna can baya, bakin ƙofa. Amma washegari na ga Baba ya dawo daga fadama, hularsa cike da ganye.

Iya ta sha kunun nan har ta ce ko sunansa ba ta son ji, kuma kowane ƙoƙo sai ta yi addu'a a kansa. Yaron ya tsotse ta har fata ta tsage, tana cije leɓe tana rera masa waƙar sujada. Babu ko ɗigo. Maɗigarsa ta faɗa. Ran na shida ya daina kuka, kuma ban taɓa jin tsoron wani abu kamar wannan shirun ba.

Ran na takwas Lahadi ce. Muna zaune bakin ƙofar majami'a, ita da ni, rana na dukan bayanmu, jama'a na waƙa a gaba. Sai na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin mayafinta, ƙwat, ƙwat. Haɗiya ce. Iya ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ɗaga mayafin. Ga fari yana gangarowa ta gefen bakinsa. Ita hawaye kawai take. Ni ce na kwarma ihun da ya tsayar da waƙar.

Babban dattijon ya tako har baya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hularsa ya ce, "Mun yi kuskure. Taso ki koma wurinki."

Ta share ido ta ce, "Bar ni nan, dattijo. Nan masu kawo ɗiya za su fara ganina."

Ta sha faɗa mini cewa a wannan ƙofar Ubangiji ya kira ta. Da aka buɗe hanyoyi ta shiga ƙauyuka da ƙafa, har Karare, har Batsari da Safana, tana neman jariran da annobar ta bari, tana koya wa kakanni dama kunun. Musulmi sun kawo mata, Fulani sun kawo. In ta yaye yaro, dangi suka zo, sai ta miƙa shi ba wani sharaɗi. Baturiyar mishan da kanta ta zo ta zauna a tabarma, Iya na faɗa tana rubutawa. Ina alfahari da matar nan, ba kuma zan ɓoye ba.

Yanzu ƙauyen namu kufai ne, 'yan bindiga sun tashe shi. Marayu sun sake yawa, sai dai ba ciwo ke yin su ba. Ni na gaji aikin Iya, kuma a cocin garin da muka koma bakin ƙofa nake zama. Matasa sun ɗauka ciwon gwiwa ne.

Watan jiya ana tsakiyar waƙa babur ya tsaya a waje. Wani mutum daga Ruma ya sauko, rungume da jariri a cikin zani, yana waige-waige. Ni ya fara gani. Kafin in gama kwance zanin, wani tsoho mai farin gemu ya tashi daga sahun dattawa, ya ɗauki sandarsa ya tafi neman kanwa. Ƙanena ne.