Motar Soja da Yayana Ya Sayo

Yayana makanike ne, garejinsa na bayan tasha a Diffa. Ni kuwa tattasai nake saye a gonakin bakin Komadugu in kawo kasuwa. Shekarar da direbobi suka fara ƙin shiga garuruwan bakin kogi saboda mutanen daji, wato ƴan bindigar da suka addabi yankin, kayana suka yi ta zama a can babu mai ɗaukowa. A lokacin ne ya ji ana gwanjon tsofaffin motocin soja a Damagaram. Ya tafi, ya dawo da wata ƙatuwar kamyo koriya, irin babbar motar ɗaukar sojoji, tana jan remok, wato tirela, a baya.

Ranar da ya shigo da ita unguwa ba wanda ya yi masa barka. Mata suka kwashe yara suka rufe ƙofofi. Innarmu ta leƙo ta zaure, ta dube ta, ta ce, "Wannan abin a ƙofar gidana zai kwana?"

"Inna, mota ce kawai," in ji shi. "Duk ƙafafunta ja suke yi. Ba rairayin da zai riƙe ta, ba laka."

"Kai ka san mota ce. Wanda ya hango ta daga nesa fa?"

Ya ji maganar. Ya shafe makonni a kanta. Ya cire tamfol da bencinan da sojoji ke zama, ya sa mai walda ya toshe ramin da ke saman kan motar, inda ake kafa bindiga. Akwai wasu ƙananan huji irin na harsashi a ƙofar direba, ya cike su. Ya kewaye remok da katako don ya ɗauki buhuna da yawa, ya shafe motar da shuɗin fenti, har ya sa aka zana furanni a goshinta. Kayan gyaranta ba a samunsu a kasuwa, sai ya ciro na wata babbar mota ya yanke ya daidaita. Matatar gazwal, wato man dizal, ita ta fi ba shi wahala, kullum tana shan iska.

Abin da fenti bai rufe ba shi ne muryarta. In ya tada ta, wani gurnani take yi mai shiga ƙirji, irin wanda duk mutumin yankinmu ya sani. Kuma kowa ya san mutanen daji sun sha ƙwace motocin soja su shiga gari da su.

Tafiyarmu ta farko, wani ƙauye muka nufa ta hanyar Tumur, inda mutane suka koma noma bayan sun daɗe a gudun hijira. Na san matan garin, a wurinsu nake saye. A kowane shinge sojoji sai sun sauke mu sun zagaya motar, suna ƙwanƙwasa bodinta, kafin su ce mu wuce. Da muka bar kwalta muka shiga rairayi, yayana ya yi ta murna. "Kin gani? Kamar a kan tabarma take tafiya." Mun wuce wani makiyayi, yana jin mu ya watsar da sandarsa ya faɗa cikin kaba.

Da hantsi muka shiga garin. Babu kowa. Tattasai na shanye ja wur a fili, tukunya na tafasa a kan murhu, turmi da taɓarya a yashe, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Yayana ya taka birki, motar ta yi tari ta mutu.

"Sun gudu," na ce. "Yaya, mu suka guda."

Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

Na sauka ina kiran sunayen matan da na sani. Can gindin wata bishiyar bedi na ga tsoho zaune, makaho ne, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ya ce da ni da Barbarci, "In kashewa kuka zo yi, ni kaɗai na rage. Ku yi ku tafi."

Na durƙusa gabansa. "Baba, ni ce mai sayen tattasai daga Diffa. Yayana ne ya kawo ni."

Sai ya ce in sake magana. Na sake. Ya ce, "Na san muryarki. To me ya haɗa ki da wannan mota, ɗiyata? An riga an kira soja."

Na koma da gudu na gaya wa yayana. Yana ƙarƙashin mota, gazwal na zuba masa a hannu, yana ƙoƙarin fitar da iskar. Ya ce ko ta tashi ba za mu motsa ba, don wanda aka gani yana gudu da irin wannan mota ba a tsayawa tambayarsa. Muka zauna a fili inda za a gan mu, muka ɗora hannuwa a ka tun kafin kowa ya ce mu yi. Ban taɓa jin rana ta yi tsawo haka ba. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina tunanin yarana da na bari wurin Inna.

Sojojin ba ta hanya suka zo ba, ta bayan gidaje suka ɓullo. Aka daka mana tsawa mu kwanta rub da ciki. Ƙasar na da zafi, ƙurar tattasai ta shiga hancina, atishawa ta taso mini, na danne ta da dukan ƙarfina don kada in motsa. Wanda ya tsaya a kaina, da jin Hausarsa mutumin yamma ne. Ina ganin bakin bindigarsa yana kaɗawa, na gane shi ma tsoro yake ji, sai nawa ya ƙaru.

"Ina sauran?" in ji babbansu.

"Mu biyu ne, shef," in ji yayana, bakinsa cikin ƙasa. "Ni da ƙanwata. Motar gwanjo ce, takardu na ciki."

Suka bincike cikin motar, suka bincike remok, ba su samu komi ba sai buhunan wofi. Tsohon nan ya yi ta ɗaga murya daga gindin bishiya yana cewa ya san ni. Daga baya babban ya ce mu tashi. Ya dubi furannin da ke goshin motar, ya ce wa yayana, "Malam, tun daga nesa na ji ta, ni kaina na ɗauka tamu ce aka sace."

Mutane suka fara dawowa daga cikin ciyawa, jiƙe da laka. Ba wanda ya zage mu, kuma da sun zage mu da ya fi mini sauƙi. Wata mata da nake saye a wurinta ta faɗa ramin ban ruwa da goyo a bayanta, ƙafarta ta karye. Yaron bai ji ciwo ba. Da yayana ya samu motar ta tashi, yara suka sake fashewa da kuka. Muka shimfiɗa buhuna a baya muka kwantar da matar, na riƙe mata kai har asibitin Diffa. Ko buhu ɗaya na tattasai ba mu ɗauko ba.

Matar ta warke, amma da ɗingishi take tafiya har yau. Yayana ya yi ta ƙoƙarin rage ƙarar, ya canza salansa, ya ƙara wata a kai, duk da haka in ta hau rairayi muryar nan sai ta fito. Ya koma bakin kogi da ita wasu lokuta, yana aika saƙo tun ana gobe cewa ga shi nan tafe, amma a kowace tafiya sai an samu wanda saƙon bai kai gare shi ba. A ƙarshe ya haƙura. Yanzu yashi da bulo take ɗauka a cikin gari, remok ɗin kuma ya ɗora masa tanki yana kai ruwa unguwannin ƴan gudun hijira. Ni kuwa na koma ɗauko tattasaina da amalanken shanu zuwa bakin kwalta, in jira duk motar da Allah ya kawo.