Mai Auna Inuwar Ramukan Barnawa

Da hantsi, kafin ya kama hanyar jami'a, sai ka ga Baba Ezekiel tsugunne a gefen titin Barnawa da sanda da tef, yana auna inuwar da ta faɗa cikin ramin kwalta. Shekara talatin ke nan, amma masu Keke Napep har yau ɗauka suke ma'aikacin gyaran hanya ne.

"Oga, yaushe za ku cike mana shi?"

"Ni dai aunawa ce tawa," in ji shi.

Ai kuwa gaskiya ya faɗa. Darasinsa shi ne auna duniyoyin sama da zana taswirarsu. Wanda ya san inda rana take, ya san tsawon inuwa, to ya san zurfin rami, a Barnawa yake ko a Wata ko a duniyar Mas. Da ramukanmu yake gwada lissafinsa kafin ya kai wa ɗalibai.

Ɗaliban fa? Bana uku, baɗi ɗaya. Monday mai sharar ajin ya rantse akwai zangon da ko mutum ɗaya bai yi rajista ba, amma Baba ya riƙa zuwa, ya rataye taswirar Mas, ya zauna awa biyu cur ko wani zai leƙo. Gida ma shiru ne tun rasuwar matarsa Celina, wadda ita kaɗai ke tambayarsa, "Yau rami nawa?" Kai, abin da ban tausayi!

Baba, kai ne ka tsaya wa ajin da kujerunsa suka fi mutanensa yawa. Hauwa da ke zana taswirar ambaliyar kogin Kaduna yau, a kan ramukan Wata ka koya mata gane tudu da kwari.

Saura kwana tara ya yi ritaya. An ce in ba malamin da ya karɓi darasin, za a cire shi daga manhaja.

"Wata ba inda zai je," in ji Baba. "Masu auna shi ne za su ƙare."

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Ku kuma da kuka zauna gabansa, don Allah ɗayanku ya motsa. Tun Litinin ya kwashe littattafansa, amma sandar da tef ɗin ya bar su jingine a bakin ƙofar aji. Kowace safiya sai ya leƙa ko an ɗauka. Har jiya suna nan.