Tohon da Kaka Ya Ƙi Sarewa

Jiya a kasuwar Faisal a nan Masar na ji ƙamshin wani ɗan itace da ake kira safarjal, nan take kafaɗata ta tuna bokiti.

Ina 'yar shekara goma, Baba na karatu, Kakana ya samu aikin kula da wani lambun kummasra a bayan Giza, har da ɗaki biyun da muke zaune a ciki. Kummasra ɗan itace ne mai ruwa da zaƙi, amma bishiyoyin lambun nan aure aka yi musu: sama kummasra, gindi safarjal. Auren bai karɓa ba. Ganye ya riƙa yin ja tun sanyi bai shigo ba, rassa na bushewa ɗaya bayan ɗaya. Mai lambun ya ce in ba su haihu ba nan da shekara uku, khalas, shi ke nan, magina zai sayar wa filin.

Sai toho ya ɓullo daga gindinsu, kore shar. Wani tsohon manomi Bamisre, maƙwabcinmu, ya ce, "Ya Hajj, sare su, su ke shanye uwar." Ina! Kaka mutumin Maraɗi ne, can inda ake lallaɓa tohon kututture har ya zama bishiya. Ya ce, "Abin da ya fito da ransa zan sa wa gatari? Allah ya sawwaƙe."

To wa ya sha wahalar? Ni. Hutu uku cur ina jidar ruwa cikin zafin Masar, ƙawayena na kwance ƙarƙashin fanka. Na nuna wa Kaka ganyen ma ba iri ɗaya ba ne, na tohon bayansa gashi-gashi. Ya ce yaushe aka haife ni. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekara ta uku tohon ya haihu, 'ya'ya rawaya manya-manya. Kaka ya zura babbar riga, ya kira mai lambu, ya miƙa masa mafi girma da hannu biyu. Mutumin ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tofar. Safarjal ne, ga tauri ga bauri. Kummasrar kuwa ko ɗaya ba ta yi saura ba. Kafin wata ya ƙare mun kwashe kayanmu.

Yanzu benaye ne a wurin. Kaka na hawa na shida a gidan haya, gwiwa ta hana shi sauka ya taka ƙasa. Kwanan baya na tayar da zancen, da niyyar ya amsa laifinsa ko sau ɗaya. Ya ce, "Amma dai nawa sun rayu, ko?" Na buɗe baki zan yi masa gardama, sai na ga yana murza tafin hannunsa, duk kantar ta goge. Na ce, "Sun rayu, Kaka."