Ranar da motar maigidana ta durƙusa wa Mama

Jiya a ƙofar gidan iyayena a Kagoma, motar maigidana, Baban Rahila, ta zauna daɓas a ƙasa.

Tsohuwar bas ce ƙirar kwambi da mahaifinsa ya bar masa. Satin da ya wuce ya wuni yana murɗa shokozoba don ta yi ƙasa-ƙasa, wai shi ake yayi. Ya gwada ta ba kaya a kwaltar Kafanchan, ya dawo yana yabon kansa.

Ya manta ba a barin gidan Mama hannu rabbana. Aka loda doya, buhun citta, masara, har da akuya. Yana tayar da mota sai ƙiiii, cikinta na kartar ƙasa.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ko a ɗan rage doyar nan?"

Mama ta ce, "A rage me? Ɗana, ai durƙusawa ta yi tana godiya. Ta fi ka ladabi."

Haka ya kwanta ƙarƙashin motar da kayan coci, sifana a hannu, yana ɗaga ta. Mama na ganin ta ɗago, ta ƙaro kabewa biyu.

Jama'a, akwai wanda ya taɓa rage tsarabar suruka ya kwana lafiya?