Ranar Da Na Kira Ɗan Farina

A garinmu an san ni da baki. Ina koyar da matan aure a Islamiyya, kuma idan na kama nasiha ba na sauka sai na ga wata ta fara share hawaye da gefen hijabi. Shi ya sa da aka zo neman matan da za a koya wa yadda ake magana da masu shaye-shaye, mai unguwa bai yi dogon tunani ba ya aiko a kira ni. A zatonsa aikin surutu ne. Ni ma haka na zata, amma ba don haka na amsa ba. Na amsa ne saboda ɗana na fari.

Duk rani yakan tafi ƙwadago Watari, inda ake noman tumatir da albasa da ruwan dam. A can ya koyi shan tramol, wai don mutum ya wuni a sunkuye bai ji bayansa ba. Daga ƙwaya ɗaya abu ya yi nisa. A ranin da nake ba da labari, faɗuwa ya yi a tsakiyar gona yana karkarwa, abokan aikinsa suka kawo shi gida a mota, harshensa duk ya ciza. Babansa ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, aka yi rubutu aka ba shi ya sha. Ni kuwa ina daga bakin madafa ina leƙe, ban ce masa ko sannu ba.

Kunyar ɗan fari ce. Tun da na yaye shi kakarsa, uwar mijina, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In zan ba shi tuwo sai na ce da ƙannensa, “Ku kai wa yayanku.” Shi ma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Mata suna yaba mini, ni ma ina jin daɗin yabon. Da tsohuwar ta rasu sai ya zama ba shi da kowa a gidan da zai zauna ya faɗa wa abin da ke ransa. Ina sonsa fiye da yadda zan iya faɗa, kuma tsoro nake ji kada faɗuwa ta gaba ta zama ta ƙarshe.

A Ɗanbatta aka yi mana bitar, a wani ajin firamare lokacin hutu. Muka zauna a bencin yara, gwiwoyinmu suna tokarar tebur. Mai koyar da mu wata ma'aikaciyar jinya ce daga birni, mai magana a hankali kamar tana tsoron tada jariri. Ta raba mu biyu-biyu, ɗaya ta zama mai shaye-shaye, ɗaya mai saurare. Aka haɗa ni da wata tsohuwar ungozoma mai ban dariya. Tana buɗe baki ta ce ita fa ƙwaya take sha, sai na karɓe zancen. Na kawo aya, na kawo hadisi, na tuna mata kabari. Ina cikin jin daɗin kaina malamar ta dafa kafaɗata.

“Malama, tun ɗazu me ta faɗa miki?”

Sai a lokacin na lura ban bar baiwar Allah ta faɗi komai ba. Ungozomar ta ce, “Wallahi da a ce da gaske nake sha, da yanzu na je na ƙara biyu.” Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci har la'asar.

A hankali na koya. Ka yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. Ka maimaita wa mutum abin da ya faɗa don ya san ka ji. Kada ka ce masa ɗan iska, ko da a fuska. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya ba a ce masa ya daina rana ɗaya, asibiti ake raka shi. Mafi wuya shi ne shirun. Takan sa mu zauna muna kallon juna ba magana, kuma a cikin wannan shirun ne hankalina yake tafiya. Iska mai ɗumi tana shigowa ta taga, kurciya tana kuka a kan darbejiya, sai na ga ruwan Watari, wanda sau ɗaya na taɓa gani a rayuwata, shimfiɗe yana ƙyalli, kore ya kewaye shi alhali ko'ina ya bushe. Sai na hango ɗan nawa yana tafe a kan kunya tsakanin tumatir, wani lokaci saurayi, wani lokaci ɗan yaye da tumbinsa a gaba. Ina so na yi masa magana, bakina ya ƙi buɗuwa.

Ranar ƙarshe malamar ta ce, “Kafin komai, ku zauna kusa da shi, ku kira shi da sunansa. Wanda kowa yake ce wa ɗan ƙwaya, sunansa ne abu na farko da za ku mayar masa.”

Ungozomar ta ɗaga hannu. “To in ɗan fari ne fa, ranki ya daɗe?”

Aka yi dariya. Ban san ko da ni take ba, amma ba ta kalle ni ba. Malamar ta yi murmushi ta ce, “Inna, wannan kam babu shi a abin da aka koya mana. Ni ma nawa ba na kiransa. Sai a nemo wanda yake jin maganarsa.”

A motar komawa gida na yi ta neman wannan mutumin a raina. Gonaki suna wucewa, wannan manne da wannan, an share su ana jiran ruwa, gawo yana tsaye a tsakiya, ƙauye yana ɓullowa kafin wani ya ɓace. Na lissafa kawunnansa da malamansa. Duk sun yi masa faɗa sun gaji. Wadda yake jin maganarta tana maƙabarta.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwarsa ta gaya mini yana haɗa kaya zai koma Watari. Da hantsi ne, babansu ya tafi kasuwa, yara suna makarantar allo. Ina zaune a inuwar rumbu ina ɓarar gyaɗar iri, sai ya fito da jakarsa a kafaɗa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya ɗan rusuna daga nesa yadda ya saba, ya nufi zaure.

Sai na kira shi. Sunan ya fito kamar ba da muryata ba.

Ya tsaya. Ya waiwaya wajen zaure, ya dubi katangar maƙwabta, yana neman wanda ya kira shi. Ni ce ta ƙarshe da ya kalla. Na matsa na bar masa gefen tabarma. Ya daɗe a tsaye kafin ya zo ya zauna, ya ajiye jakar, ya ɗebi gyaɗa ya fara ɓara. Ƙwayoyin gyaɗar suna suɓuce masa suna zubewa a ƙasa. Nasiha ta cika mini baki, na haɗiye ta.

“Gaya mini yadda kake ji in gari ya waye ba ka sha ba,” na ce.

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗar. Sai daga baya, da rana ta take, ya faɗa mini komai, kuma da kansa ya tambayi ranar da ake ganin likita. Amma a lokacin kansa yana sunkuye, yana murza ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsunsa.

“Yaya,” ya ce, “ashe kin san sunan.”