Akwatin da Kaka Ta Zauna a Kai

A kakar shekarar da soja suka canja launin kuɗi, wata ranar kasuwar Makarfi, kakata ta zauna a kan amfilifaya tana zaton kujera ce. Ina tsaye a bayanta riƙe da ƙwaryar daddawar da muka gama sayarwa, rana ta take, ga ƙamshin mazarƙwaila yana tasowa daga layin masu rake. Mun biyo ta shagon Malam Sani mai gyaran rediyo ne don mu haɗu da Baba Dauda, ƙanin mahaifina, mu koma gida a mota ɗaya. Shagon cike yake da matattun rediyoyi da rikoda, babu wurin sa ƙafa balle benci, ga samarin majami'armu sun yi cirko-cirko suna ta gardama. Kaka ba ta jin abin da suke faɗa, gwiwoyinta kuma sun gaji. Ta duba ta ga wani ɗan baƙin akwati a bakin ƙofa, tsayinsa daidai na kujerar tsakar gida, ta gyara zaninta ta ɗora masa nauyinta duka tana cewa "wash". Babu wanda ya lura sai ni, ni kuwa na ƙyale ta don in ga yadda abin zai ƙare.

Sunan Kaka aka sa mini, Rifkatu, shi ya sa mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Uwani yake ce mini, ita kuma ta ce Takwara. A ɗakinta na tashi, a ƙauyenmu da ke bayan Saulawa cikin ƙasar Ikara, ɗan ɗakin jinka mai warin hayaƙi da kalwa. Ni ke ɗebo mata ruwa a rijiyar bakin fadama kafin in tafi firamare, ni ke taya ta wanke kalwa da shanya daddawa a kan asabari, in kaza ta matso in bi ta da kara. Lokacin abubuwa sun yi tsanani. Sabulu da madara da sukari sun ɓace daga shaguna, in an ji labarin an kawo su Ikara sai a tarar da layi har bakin titi, soja na zagayawa da bulala suna daidaita shi. Mu dai da sabulun salo muke wanka, mu fasa mazarƙwaila a koko, kuma ban tuna ranar da muka kwana ba tuwo ba. Da yamma in mun dawo daga tsinkar barkono sai mu yi carabke a gindin tsamiya har a kira mu surfe. Yaro bai san tsada ba, cikinsa kawai ya sani.

Kafin kunnenta ya mutu, Kaka ce mai buga tulu a zumunta, ƙungiyar matan majami'armu. Ga wanda bai taɓa shiga majami'ar ƙauye ba, tulun nan babban tulu ne na ƙasa, ana kafa shi a tsakanin ƙafafu a riƙa dukan bakinsa da guntun katifa da aka ɗinke cikin fata, sai ya ba da wani amo mai zurfi wanda duk sauran kiɗan ke takawa a kai. An ce a zamaninta in Kaka ta saki hannu har masu wucewa kan hanyar gona sukan tsaya. Sai jinta ya fara raguwa kaɗan-kaɗan. Wata Lahadi mata suka juya waƙa, ita ba ta ji ba, ta ci gaba da bugun ta farko ita kaɗai har aka tsaya ana kallonta. Babu wanda ya ce mata komai, amma ta ga fuskoki. Ta ɗauko tulunta ta kawo gida ta tura ƙarƙashin gado, ta mai da shi ma'ajiyar kanwa. Daga baya ma zuwa majami'ar ta daina, in Fasto ya zo gaishe ta sai ta ce, "Me zan je yi, kallon bakin mutane?" Ni na zama kunnenta a kasuwa, ina tsaya mata a ciniki ina nuna mata da yatsu. Ranar Lahadi kuwa in mun fita sai in bar ta zaune a ƙofar ɗaki ta juya wa hanya baya, abin yana damuna ƙwarai ko da yake ban san yadda zan faɗa ba.

Baba Dauda shi ne autanta. A masaƙa yake aiki a Kaduna, da aka yi sallamar ma'aikata ya dawo gida da katifa ɗaya da akwatin kaya da wata doguwar jita mai kauraran tsirkiyoyi huɗu, wadda ya ce sunanta bes. Mun taru mu ji kiɗan birni, ya ja tsirkiya, sai muka ji wani ɗan gunaguni kamar na ƙudan zuma a cikin gora. Ya ce ai sai da amfilifaya, akwatin da ke ɗaga muryarta, nasa kuma ya sayar kafin ya taho. Mahaifiyata ta ce to madalla, an kawo mana tabarya mai igiya. Amma samarin majami'a suka ɗauki maganar da zafi, domin a taron shekara da ake yi da majami'un maƙwabta mawaƙan Gubuchi sun zo da na'ura sun cika fili, namu kuwa daga ganga sai kacau-kacau. Suka roƙi fili a wurin dattawa suka yi gayya, suka shuka masara da barkono. Har mu yara an ba mu aikin korar awaki da ɗaukar ruwan sha zuwa gonar. Da kaka ta yi aka sayar da amfanin, aka ji labarin Malam Sani yana da amfilifaya biyu na hannu da ya samo daga Sabon Garin Zariya.

Su biyun ne ake gardama a kai ranar. Ɗayan ƙato ne, ya kai ƙirjin mutum, fuskarsa da ado mai ƙyalli, sai da mutum biyu suka ja shi kafin ya matsa. Bitrus, shugaban matasa, tun da ya ɗora ido a kansa ya ce an gama, wannan in aka kunna shi a filin taro har Kudan sai an ji. Malam Sani ya gaya musu gaskiya cewa ƙaton sai da wutar lantarki, ƙaramin ne ya gyara yadda zai ci batirin mota. Bitrus ya ce za su riƙa hayar janareta, bai ce komai ba game da man da za a zuba masa, wanda a lokacin sai an kwana a layi. Aka gwada ƙaton, kwanon rufin shagon ya ɗauki rawa, masu tallar rake suka taru a ƙofa. Kaka da ke bakin ƙofa ba ta ko waiwaya ba, goronta take gogawa a magogi. Sai Baba Dauda ya ce a bari dai ya ji ƙaramin don kada a ce ba a gwada ba. Yaron shago ya bi waya ya sauya ta, ya tarar da tsohuwa zaune a kan kayan, ya ji nauyin tashinta, ya soka wayar ta gefen zaninta ya koma.

Baba Dauda ya ja tsirkiya mafi kauri. Na zuba ido ina jiran Kaka ta zabura ta watsar da goro, har na fara tara dariya a ciki. Ba ta zabura ba. Ta dai tsaya cak da magogin a hannu, ta ɗaga kai kamar wadda aka kira daga nesa. Ya ci gaba da bugawa, wata tsohuwar waƙar godiya ce da kowa ya sani a majami'armu, sai na ga tafin hannunta na dama ya sauka a gwiwa, ya tashi, ya sake sauka, daidai inda tulu ke shiga. Ya juya zuwa wata waƙar ba tare da ya san tana binsa ba, hannun ya ɗan dakata, ya bi shi. Ta waiwayo ta dube ni, ta ce da babbar muryar nan ta waɗanda ba sa jin kansu, "Takwara, wa ke buga tulu a nan?" A lokacin ne Baba Dauda ya leƙo ya ga inda mahaifiyarsa take zaune.

Bai ce don ita ba. Ɗan Bahaushe ba ya tsayawa gaban abokansa ya ce a yi abu saboda uwarsa, balle gonar ta kowa ce, kowa ya zuba guminsa. Ya sunkuyar da kai yana murɗa kunnen jitar, ya kawo maganar mai, ya kawo maganar rafin da ke tsakaninmu da titi, ya ce wanda zai ɗauki ƙaton nan a ka ya haye da shi da damina ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga, amma babu wanda ya sauko daga ra'ayinsa, wani ma ya ce ba su yi noman shekara don su sayi abin da bai fi rediyo ba. Bitrus ya daɗe yana kallon ƙaton, sannan ya dubi Kaka, wadda har lokacin hannunta na kan gwiwa tana jiran a ci gaba. Tun yana goye a bayan mahaifiyarsa ya fara jin tulun nan, cikin sahun matan zumunta. Ya ja dogon numfashi ya ce, "Malam, a ɗaure mana ƙaramin. Ba girin-girin ba, ta yi mai." Malam Sani ya lallaɓa Kaka ta tashi, ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya ya ɗora mini a ka bisa gammon daddawa, ya ce, "Kun gani, ko 'yar nan ta ishe shi." Bai kai tulun ruwan da nake ɗauka kullum nauyi ba.

Da muka isa gida Kaka ta sa na janyo tulun daga ƙarƙashin gado, muka juye kanwar a tsohuwar ƙwarya, ta wanke shi ta kife a rana. Kowace yamma bayan an dawo daga gona Baba Dauda yakan kafa batir a gindin rumbu, ta hau akwatinta, ya buga ta bi, kaji na kai da kawowa a tsakaninsu. Wani dattijon majami'a ya ji labari ya kai ƙara wurin Fasto, wai kayan ɗakin Allah ba kujera ba ne. Fasto ya ce masa, "Dattijo, ita ma kayan ɗakin Allah ce, ta kuma riga akwatin zuwa." Ranar Lahadin godiyar kaka, an jera dammunan dawa da kabewa da kaji a gaban bagade, aka ja doguwar waya daga wajen maza zuwa wajen mata, na ajiye akwatin a tsakiyar matan zumunta na shimfiɗa masa zane. Kaka ta shigo da sabon kallabi ba ta kalli kowa ba, ta zauna, ta kafa tulu. Mata suka ɗauki waƙa, suka juya ta, suka sake juyawa, tana tare da su ko'ina suka nufa. Mahaifina da ba ya rawa, ranar har kafaɗa ya motsa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba.

Ba zan ce ƙaramin ya yi abin da babba zai yi ba. A taron shekara na gaba mawaƙan Gubuchi sun danne mu ƙwarai, na bayan fili ba su ma san muna da bes ba, Bitrus kuma ya yi kwana da kwanaki yana cin magani. Samarin wasu garuruwa suka riƙa tsokanar namu cewa bes ɗinsu ya shiga zumuntar mata. Amma akwatin ya je duk inda aka gayyace mu, biki ko jana'iza, har Gazara. Baba Dauda na gaba a keke da batir a baya da jita a rataye, ni ina biye da akwatin a ka, Kaka na tafe a hankali da sandarta, wata jikar ta ɗauko mata tulu. In batir ya yi sanyi a kai shi caji Ikara, mu yi mako muna jira. Haka muka yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare, ta miƙa tulun ga matar Bitrus.

Yanzu ina zaune a Zariya, na yi ritaya daga koyarwa. Majami'ar da nake zuwa lasifikokinta sun fi ƙofar ɗakin Kaka tsayi, ga janareta na ruri a baya, tulun ƙasa kuwa sai a ƙauye. Kwanan baya jikana Luka, wanda ya ɗauko hannun Baba Dauda, ya zo yana nuna mini hotunan amfilifaya a wayarsa, wai ƙarami yake nema marar nauyi wanda zai riƙa ɗauka a babur. Yana ta lissafa mini ƙarfin wannan da ƙarfin wancan, rabin maganar ina bin bakinsa ne da ido, domin ba suna kaɗai Kaka ta bar mini ba, kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Na ce masa ya zaɓi wanda samansa yake a shafe, mai ƙwari, wanda tsayinsa bai wuce kujerar tsakar gida ba. Ya yi dariya ya ce wannan wane irin zaɓi ne. Na ce ya dai saya, in ya kawo zan nuna masa. Na riga na ware zanen da zan shimfiɗa a kai.