Malam Isuhu Mai Littafi Ya Tafi, Wa Zai Riƙe Mini Ƙanena?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isuhu mai fotokwafi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina dama koko. Motarsu ce ta kife jiya da yamma wajen Daddara, yana dawowa daga Katsina.

Ku yi haƙuri in rubutun ya fito a hargitse.

Duk mai bi ta boda ya san shagonsa a Magama, ɗan ƙaramin nan kusa da inda direbobin Maraɗi ke ajiye manyan motoci. Su kwafin takardun mota ke kawo su. Mu kuwa yaran unguwa kantar da ke bayan injin ce ke kawo mu, shaƙe take da littattafan labarai na matasa, na Hausa da Turanci da Faransanci. Aro yake bayarwa, kyauta.

Amma fa ba kai za ka zaɓa ba. Sai ya ƙare maka kallo, ya tambaye ka abin da ke cin ranka kwanan nan, sannan ya miƙa hannu ya zaro ɗaya.

Guda ɗaya tak. Ranar kasuwa ka mayar masa hannu da hannu, ba aike. Ka zauna a benci ya tambaye ka, "To, wa ka tausaya ma a ciki?" Kana cikin ba shi amsa ya riga ya zaro maka na gaba.

Shekarar da Babanmu ya rasu na je na ce na soyayya nake so. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ke ɗiyata, ba soyayya ke damunki ba. Maraici ne."

Ya ba ni labarin wata yarinya da ta girma a gidan kakarta bayan mutuwar ubanta. Na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza.

Ƙananan yara kuwa na zane yake ba su, na jaruman nan masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya. Direbobi ke kawo masa su daga Maraɗi. Da Faransanci suke, shi yake fassara musu, yana kwaikwayon muryar mugun ciki har jami'an boda su leƙo su ga ko faɗa ake yi.

Kowane littafi da takardar buhun siminti yake naɗe bangonsa. Ya ce abin da mutum ke karantawa tsakaninsa da zuciyarsa ne.

Na san wasunku za su tuna da surutun da aka yi a kansa, don haka bari in faɗa da kaina. E, a kantar akwai littattafan da ke ba da labarin saurayin da zuciyarsa ta karkata ga namiji ɗan'uwansa, ko budurwa ga mace. An zage shi, wasu sun daina gaishe shi. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Ni ban ce ma kowa ya zama komi ba. Yaro ne ke kuka a cikin littafi. Wani yaron in ya karanta ya san ba shi kaɗai ke kuka ba a duniya."

Mai son gardama ya bari sai wani lokaci. Yau ba ni da ƙarfinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanena Mubarak.

Tun da ya gama sakandare ya rage magana a gida. Samarin unguwa sun sa shi gaba da tsokana, wai ba ya ƙwallo, wai tafiyarsa, wai muryarsa. Kullum maganarsa ɗaya: zai tsallaka boda, ya bi Agadas, ya shiga Libiya, inda babu wanda ya san shi. Mun san waɗanda suka bi hanyar nan. Har yau iyayensu ba su san ko su yi zaman makoki ba.

Inna ta yi kuka, na yi faɗa har muryata ta dishe, a banza. Maganar Malam Isuhu kaɗai yake saurara.

Ban san waɗanne littattafai yake ba shi ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, duk ranar kasuwa Mubarak zai yi wanka ya ɗauki littafinsa ya fita, ya dawo da wani. Wani lokaci har ya ci abinci tare da mu.

Ganina na ƙarshe da Malam ranar kasuwar da ta wuce ne. Na kai masa fura, na yi masa godiya kan Mubarak. Ya ce, "Bar min shi. Yaron nan ba ya cin amana. In dai akwai littafina a hannunshi, ba ya tsallaka boda sai ya maido."

Sai ya rage murya. "Amma ya cinye min littattafan kantar nan kaf. Yau ya maido na ƙarshe, ban da abin ba shi. Na ce ya jira ni in je Katsina in samo mashi."

Tafiyar ke nan.

Ni na faɗa wa Mubarak da safe. Bai yi kuka ba. Ya kalli ƙasa ya ce, "Yaya, ke nan babu mai jira na ranar kasuwa."

Na ce ni fa? Inna fa?

Na shiga in sako hijabi mu je gaisuwa, na fito ba ya nan. Jakarsa ba ta nan. Wayarsa a kashe. Na je tasha, na je boda, na bi masu babur ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce kamar ya ga mai kamarsa, wani ya ce a'a.

Wallahi na rasa wanda zan yi wa kuka, wanda aka binne ko wanda ya fita da ƙafarsa.

Direbobin Maraɗi da ke bibiyata a shafin nan, don Allah ku duba motocinku. Dogo ne siriri, ba ya haɗa ido da mutane. In kun gan shi kada ku yi masa tsawa, ya sha tsawa ta ishe shi. Ku ce masa Inna na zaune a ƙofar gida tun safe, ta ƙi shiga.

Ya Allah ka jiƙan Malam Isuhu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da abin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya yi masa addu'a. Ku sa ƙanena a ciki ko ba ku san shi ba. Allah ya juyo mini da shi tun bai wuce Maraɗi ba.